Jarkar Ɗantsoho Tana Yoyo

Idan ka sauka a Gagarawa Tasha ka ce a nuna maka Ɗantsoho, babu wanda zai tambaye ka wanne, duk da kuwa su uku ne a garin. Kai tsaye za a miƙa maka hannu wajen wata rumfar langalanga a gindin darbejiya, inda tsofaffin ƙarafa suka yi tudu har sun fi mai su tsawo. Mai walda ne. Kafin walda ya yi gyaran keke shekara goma sha biyu, kafin keken kuma ya yi facin bokiti da buta tun gemu bai fito masa ba. Sunansa na yanka Dalhatu, sunan kakansa na wajen uba, wanda uwarsa ba ta isa ta kama ba, sai ta riƙa ce masa Ɗantsoho. Yanzu dai tsufan ya zo ya tarar da sunan yana jiran sa.

Gajere ne, kakkaura, kuma zuciyarsa a kusa take. Ba ya faɗa da mutane sosai, da ƙarfe yake yi. Kana iya wucewa ka ji yana ce wa noti, “Kai, ni za ka raina?” ko yana yi wa injin walda gorin man da ya sha. Halinsa ɗaya da kowa ya sani shi ne ba ya iya ganin abu ya gagara ya bar shi. Ya taɓa kwana uku yana fama da wani kwaɗo, alhali mai shi tuni ya sayi sabo ya ci gaba da harkarsa.

Matarsa Larai 'yar wani ƙauye ce a bayan Sule Tankarkar. Shekararsu talatin da huɗu tare, 'ya'ya shida, duk sun tashi: matan suna ɗakunan mazajensu, mazan kuma neman abinci ya watsa su Kano da Legas. Gida ya rage daga shi sai ita, sai kaji da tunkiya guda mai taurin kai. Larai ba mai yawan magana ba ce. Idan Ɗantsoho ya shigo yana bambami, takan bar shi ya gama, sannan ta ce, “To, Malam,” ta ci gaba da abin da take yi yadda ta ga dama. Wannan “to” ɗin ya fi komai ƙona masa rai a duniya.

Tari ya fara mata ne a hankali, irin wanda ake cewa sanyi ne. Aka sha citta, aka sha zuma, bai tafi ba. Sai da ta kai ba ta iya share tsakar gida ba tare da ta zauna sau biyu ba, sannan 'yarsu Naja'atu, wadda ke aure a Gumel, ta ɗauko shatar mota ta tafi da ita asibiti, Ɗantsoho ya bi su. Kwana huɗu suka yi. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinta ya ce huhun nan irin na wanda ya shekara talatin yana shan taba ne. Ɗantsoho ya miƙe tsaye.

“Likita, matata ko goro ba ta ci.”

“Baba, zauna. Da me take girki?”

“Da me ake girki? Kara da itace mana, sai kashin shanu in abin ya matsa.”

“To shi ne tabar,” in ji likita. Ya ce musu in ta koma gaban murhu, zuwan da za ta sake yi asibitin ba lallai ta fita da ƙafarta ba. Bai yi musu kwana-kwana ba.

Naja'atu ta sayo ƙaramar tukunyar gas. Larai ta dube ta, ta yi godiya, ta lulluɓe ta da tsohon zani ta tura ta bayan rumbu, ta ce ita ba za ta kwana ɗaki ɗaya da abin da ke fashewa ba. Aka gwada gawayi, sai ga shi kafin ya kama ya riga ya turnuƙe ta. Maƙwabciyarsu Rabi'atu ta yi sati biyu tana aiko da kwano, amma kwanon maƙwabta ba abin dogaro ba ne har abada, kuma Larai ta fara cewa kunya za ta kashe ta kafin tarin.

A kasuwar Maigatari, wata Alhamis, Ɗantsoho ya ga abin. Wani mai shayi da ya ƙetaro daga wajen Damagaram ya kafa wani faffaɗan faranti mai ƙyalli, ya rataya buta a tsakiyarsa, ga ruwa yana tafasa, babu itace babu hayaƙi. Ɗantsoho ya zagaya shi sau uku, ya sa hannu inda hasken ya taru, ya janye da salati. Bai sayi abin da ya je saya ba. Ya koma gida da tsohon dishin talabijin ɗaure a bayan babur, ya biya ta Gumel ya tsinto buhun fasassun madubai wurin masu gilashi.

Kwana goma sha tara yana yanka madubi ƙanana-ƙanana yana liƙawa a cikin dishin, yatsunsa duk suka sha yanka. Ranar da ya gama, ya ɗora tukunyar ruwa, kafin ya gama wanke hannu ta fara huci. Hularsa ma, da ya rataya a jikin ƙarfen ya manta, ta samu ƙofa a tsakiya. Aka dafa wake, aka dafa shinkafa, matan unguwa suka riƙa shigowa kallo. Kwana biyu Ɗantsoho bai yi wa ko ƙusa faɗa ba.

Sai matsalar ta fito, kuma daga sama ta fito. Rana ba ta tsayawa. Ka saita farantin hasken ya taru a gindin tukunya, ka juya ka yanka albasa, ka dawo ka tarar hasken ya zame gefe yana ƙona iska. Duk bayan minti goma sha biyar sai an zo an tura shi kaɗan. Ga bazara ta kankama, ga farantin da nauyi, ga ƙyallin da ke kashe ido, ga mace mai numfashi da ƙyar. Larai ta yi kwana uku tana turawa, a na huɗu ya dawo da azahar ya ji warin hayaƙi tun daga zaure.

“Larai! Me likita ya ce?”

“To, Malam, da yunwa za mu zauna? Abin naka sai an tsaya a kansa kamar jariri.”

Gaskiya ta faɗa, kuma babu abin da ya tsana irin ta faɗi gaskiya yana tsakiyar faɗa.

Masu sayar da sola a Gumel suka ce masa akwai wani inji mai ido da ke juya faranti yana bin rana da kansa, amma sai an aika Legas, kuma da suka faɗi farashinsa sai ya yi musu sallama. Dabarar da ta fisshe shi daga asibiti ta zo masa. Lokacin da Larai ke kwance, ya yi kwana huɗu babu abin kallo sai ledar ƙarin ruwa da ke rataye a kanta, tana ɗiga ɗaya bayan ɗaya, da ɗan tayan nan da ma'aikaciyar jinya ke murzawa ta ƙara gudun ruwan ko ta rage. Ya shiga kemis ya sayi sabuwar robar ƙarin ruwa.

Ga yadda ya haɗa abin. Ya ɗora dishin a kan tsohon wilin babur mai boris, yadda ko da yatsa ɗaya za a iya karkata shi gabas ko yamma. Ta gefen gabas ya rataya jarka cike da ruwa, nauyinta ya rinjayi farantin ya fuskanci hantsi. Ta gefen yamma ya ɗaura igiyoyin tsohon tiyub suna ja. Sai ya huda gindin jarkar ya sa robar asibiti. Ruwa na ɗiga, jarka na rage nauyi, tiyub na samun galaba kaɗan-kaɗan, farantin na bin rana har ta karkata. Sati guda ya yi yana murza ɗan tayan yana duba agogo, kafin ya gano ɗigo nawa a minti ke tafiya daidai da rana.

A rumfarsa ya fara gwaji, kuma a nan ya kamata ya gane irin mutanen da yake zaune da su. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya.

“Ɗantsoho, jarkarka tana yoyo.”

“Ba yoyo ba ne, ɗigo ne.”

“To ai shi ne yoyon.”

“Yoyo shi ne wanda ba ka so. Wannan ni na sa shi!”

“Kai ka huda jarka da hannunka? Lafiyayyar jarka?”

Kafin la'asar ya yi wannan bayanin ya fi sau ashirin, har muryarsa ta dishe. Babu wanda ya ɗaga kai ya ga farantin yana tafiya shi kaɗai, kowa idonsa na ƙasa, a kan ɗan wurin da ya jiƙe. Washegari Manu, wani Bafulatani abokinsa, ya kawo amalanke walda ya tarar Ɗantsoho ya tafi masallaci. Manu ya ga ruwa na ɗiga, ya tsuguna ya ƙulle robar tam, ƙulli biyu, ya zauna yana jiran godiya. Da Ɗantsoho ya dawo ya ga farantinsa ya tsaya yana kallon inda rana ta bari tun ɗazu, har hula ya cire ya buga da ƙasa. Manu ya ce shi dai a rugarsu ba a wuce ruwa yana zuba, in kuma laifi ne a yi haƙuri.

Ranar Juma'a ya kai abin gida ya kafa a tsakar gida, ya ajiye kwano a ƙarƙashin robar don kada a ce ya yi ɓarna. Ya zaunar da Larai ya yi mata bayani dalla-dalla: da safe shi zai cika jarka ya saita, ita nata ɗora tukunya da saukewa, kada ta taɓa komai. Ta ce, “To, Malam.” Ranar yana gida, abin ya tafi sumul, shinkafa da wake suka nuna kafin a kira sallah.

Ranar Asabar ya dawo da azahar ya tarar farantin ya tsaya a hantsi, jarka ko kwata ba ta sauka ba, robar kuwa tana ɗiga abinta lafiya lau. Tuwo na cikin kwano da zafinsa, tokar murhu ma da ɗuminta.

“Ya tsaya ne,” in ji Larai. “Sai na ƙarasa a wuta.”

Daga nan aka shiga wata guda da Ɗantsoho ba zai manta da shi ba. Ya ce laka ce ke toshe robar, ya riƙa tace ruwan da ƙyalle sau biyu. Ya ce zafi ne ke lanƙwasa ta, ya naɗe ta da tsumma. Ya sauya roba har sau biyar, har mai kemis ya fara yi masa kallon wanda ya buɗe asibiti a ɓoye. Ya kwance boris ya wanke da kananzir ya sa giris. Ya zargi tunkiya, ya ɗaure ta a bayan gida, ta wuni tana kuka ba ta san laifinta ba. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne duk ranar da ya zauna ya tsare abin, lafiya lau yake tafiya tun hantsi har la'asar, yana juya baya kuma ya tsaya. Abokan hira suka ce abin ya samu aljanu, a nemo malami ya tofa. Ya ce musu ƙarfe ne da roba, shi ya haɗa da hannunsa, ba ya son maganar banza. Amma da ya koma gida ya ga babu kowa a kusa, sai da ya karanta abin da ya sawwaƙa ya tofa wa jarkar.

Tarin kuwa yana dawowa. Yana jin sa da asuba idan ta tashi alwala, mai zurfi, daga can ƙasan ƙirji. Ya ga ta fara dafa bango idan za ta miƙe. Naja'atu ta bugo waya ta ji muryar uwarta, ta ce a ba ta Baba.

“Baba, ka ce ka yi mata abin girki.”

“Na yi.”

“To me ya sa take haki?”

Ya kashe wayar, tsoro ya kama shi sosai. Shi da ya tayar da injin niƙan da mutanen Kano suka ce a zubar, ga jarka da igiyar tiyub suna neman kashe masa mata.

Wata Talata da hantsi ya isa rumfa ya ga ya manta sifana mai lamba sha uku a gida. Ya dawo a ƙafa, don an ari babur ɗinsa. Bai kai ga yin sallama ba, daga bakin zaure ya hango ta. Tana zaune a tabarma tana tsince wake, tukunya na kan farantin, ruwa na sauka cikin kwano, ɗis, ɗis. Ya ga ta ɗaga kai ta kalli robar, ta mayar da kai. Ta sake kallo. Ta gyara zama ta juya mata baya. Can sai ta ajiye faifan, ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar, ta je ta murza ɗan tayan har ƙarshe, ta ɗauki kwanon ta juye ɗan ruwan da ya taru a randa, ta yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka cire wa ƙaya.

“Larai.”

Kwanon ya kusa suɓuce mata.

“Ashe ke ce. Wata guda! Wata guda ina zagin roba, ina zagin boris, na ɗaure baiwar Allah tunkiya a rana, na tofa wa jarka addu'a sai ka ce mahaukaci, ashe aljanar tana cikin gidana ina yi mata sannu da tari!”

“Ai ina buɗewa in ka kusa dawowa.”

“Na gode! Allah ya saka da alheri! Ke, wa na yi wa abin nan? Ni nake tari? Ba ga kwano na ajiye ba?”

“Kwanon me, Malam? Jarka guda ake zubawa, abin da ke taruwa ko rabi bai kai ba. Rana ta sha, kaji su sha, su sa ƙafa a ciki.”

“To in sa galan mai murfi!”

“Ko ka sa zan ji shi.”

Ta zauna a gindin randa, don tsayuwar ta fi ƙarfinta, ta jira numfashinta ya dawo. Sannan ta yi magana mafi tsawo da ya taɓa ji daga bakinta. Ta ce a garinsu rijiya gaba arba'in ce da ɗoriya, sa ne ke jan guga, kuma tun tana shekara bakwai take bin layi da sassafe ta dawo da tulu ɗaya rana tsaka. Da ruwan da aka wanke gero ake wanke kwanuka, na kwanukan kuma a ba jaki. Ta ce ranar da ta yi tuntuɓe ta fasa tulu a ƙofar gida, uwarta ba ta doke ta ba, zama ta yi a ƙasa ta yi ta kuka, kuma ita ta gwammace da dukan aka yi mata.

“Na san ba ɓarna ba ce, ka yi mini bayani na gane. Kaina ya gane. Amma in na ji ɗis ɗin nan, ko sallah nake sai in rasa raka'a nawa na yi. Kullum sai in ce yau ba zan taɓa ba, sai dai in ga hannuna a kai.”

“Sai ki koma hayaƙin da zai kashe ki.”

“Hayaƙi na saba da shi.”

Ɗantsoho ya kama kai da hannu biyu ya zagaya tsakar gida. Tausayi ya kama shi, haushi kuma bai sake shi ba, ya rasa wanda zai bi. Shekara goma ke nan da aka kafa famfo a bakin titinsu, ruwa ba ya yankewa, amma matar nan har yau a layin rijiyar garinsu take.

“To me zan zuba a ciki wanda ba za ki ji tausayinsa ba? Faɗa mini! Ƙasa zan zuba?”

“Ƙasa dai ba ta ƙarewa,” in ji Larai.

Ya buɗe baki zai ci gaba, sai ya tsaya. Ya kalli ƙafarsa da ta nutse cikin rairayin tsakar gida, rairayin da yake tsine wa duk lokacin da ya kayar masa da babur a hanyar Sule Tankarkar. Ya manta da sifanar da ya zo ɗauka.

Da rariyarta ta tankaɗen gari ya tankaɗe buhun farko, aka yi wani faɗan daban a kan wannan. Ya cire jarka ya rataya bokitin fenti, ya huda gindinsa, sai da ya gwada ƙusa huɗu kafin ya samu ƙofar da ta dace. Abin haushi, rairayin ya fi ruwan iya aiki. Ruwa in jarka ta cika gudu yake, in ta yi ƙasa ya yi sanyi, shi kuwa rairayi tafiyarsa ɗaya ce daga farko har ƙarshe, kuma shiru yake zuba. Da yamma a kwashe tulin da ya taru a mayar bokiti. Babu wanda ya sake tsayawa ya yi masa zancen yoyo. Masu cajin waya biyu a Maigatari suka sa ya yi wa farantan solarsu irinsa, suka ce batir na cika tun kafin la'asar.

Kwana ashirin da uku ba a hura wuta a gidan ba. Abincin dare tun la'asar ake sauke shi, a naɗe tukunyar cikin tsohon bargo. Kaji suka fara ƙwai a cikin murhu. Tarin bai tafi ba, amma ya ja baya, har wata safiya ya ga ta share tsakar gida tas ba ta zauna ba. Ya fita yana yi wa babur faɗa fuskarsa a sake.

Sai ruwan farko ya sauka, wata Laraba da yamma, mai ƙarfi, irin na shuka. Gari ya ɗauki murna, kowa ya fito da sungumi da iri. Ɗantsoho ma ya yi hamdala tare da kowa, washegari da sassafe ya je ya shuka geronsa. Sai da ya dawo gida da hantsi ya ga abin da bai taɓa zuwa masa a rai ba. Sama a rufe take ruf, babu ko alamar inda rana take. Madubai ɗari bakwai suna kallon gajimare. Rairayin bokiti ya jiƙe ya dunƙule, ko ƙwaya ba ta faɗowa. Mutumin da aka haifa a gona, wanda ya kusa shekara sittin yana jiran damina kowace shekara, ya yi wata huɗu yana bin rana minti-minti, ya manta akwai ranakun da ba ta fitowa.

Ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai sama, ya buɗe baki, sai ya tuna wannan ba ƙarfe ba ne, ba a yi masa faɗa. Ya yi istigfari ya sauke kai.

Larai kuwa har ta kori kaji daga murhu, ta jera kara, ashana na hannunta.

“Ajiye.”

“Malam, ka dawo daga gona, ko karyawa ba ka yi ba.”

“Na ce ajiye. Tashi ki koma bakin ɗaki.”

“To wa zai yi?”

Ya naɗe hannun riga, ya jawo 'yar kujerarta ta girki, wadda bai taɓa zama a kanta ba tun da aka kawo ta cikin kayan aure, ya karɓi ashanar. Tsinke shida ya ƙona kafin karan ya kama, da ya kama kuma sai hayaƙi, fari, mai kauri, ya cika 'yar rumfar girkin. Ya sunkuya ya hura, hayaƙin ya dawo masa a fuska. Mutumin da ya shekara ashirin yana kallon wutar walda, nan take idonsa ya cika da hawaye, majina ta ɓalle, tari ya sarƙe shi har sai da ya dafa ƙasa.

“Ba haka ake hurawa ba,” in ji Larai daga bakin ɗaki. “Ta ƙasa. Ka ɗaga karan ya sha iska.”

A daidai nan aka yi sallama daga zaure, muryar Rabi'atu ce, ta zo aron taɓarya. Larai ta yunƙura da sauri za ta zo ta karɓe shi, don ta san kafin azahar labarin zai kai bakin titi, kafin Alhamis ya kai Maigatari.

“Zauna,” in ji Ɗantsoho. “Ta shigo ta gani.”

Rabi'atu ta shigo, ta gani, ta manta abin da ta zo aro, ta gaishe shi sau biyu ta fita da baya. Wutar ta kama daga ƙarshe. Ya ɗora tukunya a karkace, Larai ta ce ya gyara, ya gyara. Ya zauna yana share ido da gefen riga, ƙirjinsa na zafi kamar ya haɗiyi barkono, alhali ko minti goma bai yi a wurin ba.

“Larai. Kullum haka yake?”

“Yau ai da sauƙi. Karan bai jiƙe sosai ba.”

Ba tare da ya juyo ba, ya ce ta shiga ciki ta saki labule, in ruwan ya tafasa zai kira ta ta faɗa masa abin da ake zubawa.